A Gaida Katanga

A biro, wato ofishinmu, aka ba mu tambayoyin gano tsofaffin da masu kula da su ke wulaƙantawa, mu gwada ko suna aiki. Shef, shugabarmu, ta ce a fara da tsohuwar da aka tabbata tana cikin gata. Na miƙe har da bugun ƙirji: "Ga mahaifiyata a gidana, nan Birni. Sabuwar katifa gare ta, ga fanka."

Da muka je gidan, ni na yi mata tambayoyin a gaban abokan aiki. Duka, zagi, yunwa, duk ta ce babu, alhamdulillahi. Ina ta gyara hula.

"Inna, yaushe rabon da wani ya zauna hira da ke?"

Ta daɗe tana jan carbi. Ni ɗan fari ne, ba ta kama sunana, sai ta dubi shef.

"'Yata, mai gidan nan aiki ya yi masa yawa. Amma ina jin muryarsa ta katanga, na san lafiyarsa lau."

Ranar babu wanda ya yi dariya. Daga baya suka fanshe. Har yau, in an tashi aiki, sai wani ya ce, "Malam, a gaida katanga."