Jan Ruwan Motar Baban Rabi

Na manta abubuwa da yawa a 'yan shekarun nan, har lambar wayata sai na duba kafin in faɗa, amma ba zan taɓa mantawa da Lahadin bikin 'yar Hajiya Mero ba. Ko yanzu da nake ba ku labarin, ji nake kamar in ja mayafi in rufe fuska.

Bari in faro daga motar. Mijina, Baban Rabi, Allah ya jiƙansa, ya rasu ya bar wata 'yar tsohuwar mota mai ruwan toka. 'Ya'yanmu biyu ne, Rabi tana aure a Kumasi, ƙanenta kuma yana can Turai yana fama, dukansu suka ce sun bar mini ita. Tuƙi dai na iya, shi ya koya mini, da faɗa da komai. Abin da ke ƙarƙashin murfin inji kuwa ban taɓa sanin sunan ko ɗaya ba. Duk safiyar Juma'a yakan buɗe gaban motar, ya ɗauko wata farar jarka daga but, ya ɗura wani jan ruwa, ya goge hannu da tsumma. Ni kuma ina tsaye a bakin ƙofa da kofin koko ina yi masa tsiya, wai ya fi kula da motar a kaina. Shekara da shekaru ina kallo, ban taɓa cewa "wannan ruwan mene ne" ba.

Bayan an yi sadakar arba'in sai ƙafa ta ɗauke. Wanda bai zauna a unguwarmu Nima ba ba zai gane yadda mutum zai kasance cikin gida mai ɗaki goma sha, rediyon wannan na tashi, jaririn wancan na kuka, amma a wuni babu wanda ya kira sunansa. Na yi kaɗaici, ba zan ɓoye ba. Abin da na koma yi shi ne, in an yi la'asar sai in shiga motar inda take ajiye a bayan get, in rufe gilashi, in zauna a kujerar mai zaman banza. Ƙamshin turaren mijina na Juma'a yana nan a jikin kujerun, da ɗan warin goro, da tsohuwar hularsa a gaban gilashi. (Maƙwabta sun ɗauka waya nake yi a ɓoye. Na bar su a haka.)

Mutum ɗaya ne bai daina zuwa ba, wato Alhaji Mumuni, yayan marigayi. Shi ma zancensa ɗaya ne. "Maman Rabi, mota ba ta son zama, kuma ɗawainiyarta ba ta mace ba ce. Ki bari in samo mai saye tun tana da daraja." Ba da mugunta yake faɗa ba, na sani. Amma duk ranar da ya faɗa, sai in kwana da ciwon kai. Ta yaya zan ce wa babban mutum ba motar nake riƙo ba, ƙamshin ƙanensa nake riƙo?

Ana cikin haka na fita takaba, sai ga Hajiya Mero, ƙawata tun muna makarantar allo a Maamobi, ta zo da goron gayyata. Za ta aurar da autarta, ana neman motocin da za su kai amarya daga gidansu a Maamobi zuwa wurin walima a Nima. Kafin ta rufe baki na ce, "Amarya a motata za ta shiga, kuma ni zan ja." Ta dube ni ta ce, "Ke, kin tabbata?" Na ce na tabbata. Ina so in koma cikin mutane, kuma ina so Alhaji Mumuni ya gani da idonsa.

Ranar Asabar aka yi mini cajin batir, motar ta tashi. Na leƙa robar da marigayi yake ɗura wa ruwan nan, na ga ta kusa ƙafewa. Sai na ce bari in yi abin masu hankali, na taka zuwa shagon kayan mota a bakin titi. Mai shagon ya jero mini jarkoki a kan kanta, kore, ja, har da wani shuɗi. Ya ce, "Mma, wanne motar take sha? Kada fa ki haɗa iri biyu." Akwai maza uku zaune a benci suna shan shayin ataya, duk suka juyo suna jiran amsata. Da na ce ban sani ba, ai da an wuce wurin. Amma ina, girman kai ya hana. Na ɗaga hanci na ce, "Ashe ma irin namu ne, ina da shi a gida." Na juya na fito, ban sayi komai ba. A raina na ce ja ne dai, kuma jarkarsa tana but, me ya rage?

To ga inda na fi jin kunya. Da na so, da tun a gida na ɗura ruwan da safe, babu mai kallo. Da gangan na ƙi. Na bari sai na je gidan biki, inda na san Alhaji Mumuni zai zauna da sauran dattawa. (Allah ya shirye mu, mace mai jika tana shirya wa mutane wasan kwaikwayo.)

Na isa Maamobi da hantsi, na ajiye motar a bakin lungu, na ba da makulli don a loda kayan abinci a but, na shige cikin mata. Wayyo, na ji daɗin ranar nan. Aka rungume ni, aka ce na rame, aka cusa mini faranti. Na yi dariya har ta ba ni mamaki, don na manta yadda muryata take in ina yi.

Bayan la'asar aka ce a fito da amarya. Na riga kowa fita, leshi na kar-kar, ɗaurin kai ya kai inda ya kai. Dattawa na zaune a ƙarƙashin rumfa. Na buɗe gaban mota a hankali yadda kowa zai gani, na sa sandar da ke tokare murfin, na zaga baya. But ya cika da kuloli da ledoji, ga farar jarka da jan ruwa a sama-sama. Na ɗauko.

Alhaji Mumuni ya ɗago daga kujera ya ce, "Maman Rabi, ko in zo in duba miki?"

Na ce, "Yi zamanka, Alhaji, ai na saba."

Na cika robar har baki. Na ga saura, na buɗe murfin lagireto na ƙara masa, don kada a ce na yi rowa. Na ji ƙamshin citta, amma lungun gaba ɗaya ƙamshin girki yake yi, ban kawo komai a raina ba. Har tsumman marigayi na ɗauko na goge hannu yadda yake yi. Wani dattijo ya ce, "Kai, matar nan ta san mota." Maganar nan ta yi mini daɗi fiye da shinkafar da na ci.

Amarya ta shiga baya, gwaggwaninta biyu suka sa ta a tsakiya, muka ɗau hanya, motoci huɗu a bayanmu. Muna hawa babban titin Nima muka faɗa cunkoso. Trotro ta gaba, wato bas ɗin haya, ta tsaya ɗaukar fasinja, ta bayanta ta sa kai, kowa ya tsaya cak sai hon. Ina kallon allurar zafi tana hawa, ina ta salati a zuci. Can sai na ji wani "fuss", farin tururi ya taso daga gaban mota ya rufe gilashi.

Ɗaya daga cikin gwaggwanin ta shaƙi iska ta ce, "Wa ke dafa sobolo a tsakiyar titi?"

Sobolo dai shi ne zoɓo a bakin mutanenmu. Hancina ya riga ya gaya mini.

Aka tura mu gefe. Motocin biki duk suka tsaya, masu talla suka taru, fasinjojin trotro suka leƙo ta taga. Wani direba ya hana a taɓa murfin lagireto sai ya huce, saboda haka muka yi tsaye cirko-cirko, titi na ƙamshin citta da abarba. Da ya huce, Alhaji Mumuni ya buɗe robar, ya leƙa, ya sa yatsu biyu ya zaro wani abu ya ɗora a tafin hannunsa. Kanumfari ne.

Hajiya Mero ta iso tana haki, ta ga jarkar da na mayar but, ta ɗaga ta. "La ila, sobolon manyan baƙi ne wannan." Ashe saboda jama'a sun yi yawa an tsinka shi da ruwa, har ya koma ja mai haske, sak irin na marigayi. Nan take wani tunani ya zo mini. Idan sobolo na ɗura wa mota, ina ruwan motar, kada a ce an kai shi wurin walima? Guba ne fa, wannan kam na sani. Na hau watso kuloli ƙasa kamar mahaukaciya, ɗaurin kaina ya zame ya faɗa kwata. Can a lungun but na ga jarkarsa, ɗaure da igiya a inda ya saba ɗaure ta, babu wanda ya taɓa.

Sai a lokacin dariya ta ɓarke. Har amarya, da ake ta lallashi tun daga gida saboda kuka, kafaɗunta na rawa a ƙarƙashin lulluɓi. Wani kwandasta ya ce, "Mma, saura ƙanƙara." Alhaji Mumuni kaɗai bai yi dariya ba. Ya matso ya ce a hankali, "Da kin tambaya." Na gwammace ya yi dariyar.

Aka tare tasi aka sa amarya, aka kwashe kuloli, kowa ya ce mini sannu ya wuce. Ban ga laifinsu ba, biki ba ya jira. Na zauna ni kaɗai a motar a gefen titi, kai babu ɗankwali, ina jiyo lasifikar walima daga nesa ana kiran sunayen ƙawayen uwar amarya. Na ji an kira nawa. A nan ne na yi kukan, ba na kunya kaɗai ba.

Washegari makaniken marigayi, Masta Awudu, ya ja motar zuwa garejinsa. Ya ce tiyon ruwa ne ya fashe, ba kuma sobolo ne ya fasa shi ba, zama ne ya busar da shi, amma sukarin ya dafu a ciki, sai an wanke lagireto sau da yawa. Ya zaunar da ni ya nuna mini sunan irin ruwan da motar ke sha. Ya ce launi ba ya isa shaida, a karanta jikin jarka, kada a haɗa iri biyu, in kuma an rasa a hanya, ruwa mai tsabta ya isa ya kai mutum gida. Na ce to, na ji, na kuma maimaita masa kamar 'yar makaranta.

Da na je ɗaukar motar, ya tare ni da fara'a. "Hajiya, na yi miki kyauta saboda Baban Rabi. Na sa an wanke cikin tas, kujeru da komai." Na buɗe ƙofa na shiga. Ƙamshin omo, da wani turaren lemo da aka rataya a jikin madubi. Na shaƙa, na sake shaƙa, na kai hanci jikin kujerar direba. Babu shi. Hular ma an wanke ta an ninke. Na ce, "Na gode, Masta, Allah ya saka da alheri," don me zan ce wa mutumin da ya yi mini alheri?

Motar tana nan, ban sayar ba, Alhaji Mumuni kuma bai sake tayar da zancen ba. A Maamobi har yau Hajiya Sobolo ake kira na, kuma ina amsawa, don ko ba komai ana kiran. Darasin da na koya kuwa, duk jan ruwan da zan ɗura wa mota sai na karanta jarka na kuma shinshina, abin da ban sani ba kuma in tambaya tun mai amsar yana kusa. Duk safiyar Juma'a nakan buɗe gaban motar in duba ruwa, in goge hannu da tsumman nan. Wani lokaci nakan waiga bakin ƙofa, ko akwai mai yi mini tsiya.