Hunturun Kyaftin Abdulgani

Allah ya yi wa 'yan Najeriya mazauna Setapak, wata unguwa a babban birnin Malesiya, baiwa da masu ilimi, amma babu baiwar da ta kai Malam Abdulgani. Ya daɗe yana neman digirin dakta, har malamin da ya fara duba aikinsa ya yi ritaya ya koma ƙauye kiwon kifi. Mutum ne mai hangen nesa. Abin da jama'a ba su hango ba, shi ya hango. Abin da babu shi ma kwata-kwata yana hangowa, har ya yi masa tanadi.

Kafin korona ba a san shi da komai ba sai gyara wa mutane Turanci a shagon mamak, wato wurin shayi da abinci na Indiyawa Musulmi, yana shan shayin da wani ya saya. Sai annoba ta zo masa da ɗaukaka. Ana gab da rufe iyakoki, wani Bature ɗan Kanada da ke bene ɗaya da su ya tattara kayansa a gurguje, ya rasa yadda zai yi da wani ɗan kwale-kwalen roba mai ruwan lemo, wanda zai ɗauki mutum biyu idan ba su ci tuwo ba. Ya yi wa masu gadi tayi, suka ƙi. Ya yi wa masu kwasar shara, suka ce ba boleh, wato ba zai yiwu ba. Malam Abdulgani ya karɓa hannu bibbiyu.

Washegari aka tashi da Kyaftin. Ya yi odar farar hula mai baki ta intanet, ya sauya sunansa a zauren WhatsApp na 'yan ƙasa, ya fara kiran barandar gidansa da sunan saman jirgi. Samari suka laƙaba masa Sarkin Ruwan Setapak don tsokana, shi kuwa ya amsa da godiya, ya ce sarautar ta ma yi jinkiri. Ruwa mafi zurfi da ya taɓa shiga a rayuwarsa shi ne na bahon da mahaifiyarsa ta yi masa wanka a Gezawa, amma wannan ƙaramin zance ne.

Jirgin ya zauna a filin ajiye motoci, a gurbin da aka ware wa motar da Kyaftin bai da ita. Kullum yana cewa, "Ba don dokar kulle ba, da tuni tafkin Titiwangsa ya san da zamana." Da aka sassauta kullen, sai ya ce iska ba ta da kyau. Da iska ta gyaru, sai ya ce matuƙi na gaskiya ba ya gaggawa.

Ana cikin haka ya ci karo da wani bidiyo. Wani dattijo ne sanye da rigar sanyi, tsaye cikin ƙanƙara, yana gargaɗin cewa duk wanda ya bar jirginsa a buɗe hunturu ya same shi, to ya yi asara. Kyaftin ya ajiye waya, ya kira matarsa Saudatu daga kicin.

"Uwargida, muna cikin haɗari. Hunturu na tafe, jirgi na tsirara."

Saudatu ta share zufa da gefen zaninta. "Baban Zuhra, wane hunturu kuma? Fanka biyu muke kunnawa, ga ka nan da singileti."

"Wannan shi ne bambancin mai bincike da mai girki," in ji shi. "Ke kina kallon yau. Ni ina kallon sauyin yanayi. Don ƙanƙara ba ta taɓa sauka a Malesiya ba, ai alama ce tana taruwa."

A lokacin kuwa zaɓen shugaban ƙungiyar 'yan ƙasa ya ƙarato, Kyaftin kuma yana takara da wani Malam Maitama, mutum mai sanyin hali wanda duk manufarsa ita ce a riƙa kai wa waɗanda aka killace abinci. Kyaftin ya ga wannan manufa ta yi ƙanƙanta. Ya kira taron Zoom mai taken Adana Jiragen Ruwa a Hunturu: Darasi ga Afirka. Jama'a suka cika taron, domin zaman gida ya ishi kowa. Aka kashe kyamara, aka kashe sauti, wasu na wanke-wanke, wasu na barci, Kyaftin na zuba.

"Al'ummar da ba ta rufe jirginta ba," ya ce yana buga teburi, "ba za ta iya rufe asirinta ba. Ku zaɓe ni, in rufe ku kamar yadda zan rufe jirgina!"

Malam Maitama ya buɗe sauti cikin ladabi ya tambaya ta wace hanya ƙanƙarar za ta shigo, ganin iyakoki a rufe suke. Kyaftin ya ce zai amsa wannan a babi na huɗu na kundin bincikensa.

Ranar rufe jirgi kuwa sai wanda ya gani. Ya wanke shi da omo, ya fesa masa sanitaiza, ya mulke shi da man kaɗanyar da aka aiko wa Saudatu daga gida. Dattijon bidiyo ya ce a kife jirgi kafin a rufe. Nan ne kaɗai Kyaftin ya saɓa wa malaminsa, ya ce a tarihin teku ba a taɓa jin matuƙin da ya kife jirginsa da hannunsa ba. Ya shimfiɗa masa labulen falo, ya ɗora yadin da Saudatu ta sayo a layin 'yan yadi na Jalan Tuanku Abdul Rahman don ɗinkin sallah, sannan ya lulluɓe da tampol shuɗi ya ɗaure tamau. Da ya tuna an ce jirgi na buƙatar shan iska, sai ya ɗauko wuƙa ya huhhuda tampol ɗin daga sama. A ƙarshe ya ɗaura wa hancin jirgin takunkumi, saboda bin doka.

Hunturu bai zo ba. Damina ta zo. Kullum da la'asar sama ta buɗe baki, ruwa ya bi hudojin nan a natse ya sauka inda aka tanadar masa. Kyaftin yana leƙawa daga baranda da hularsa, yana jinjina wa kansa.

Bayan 'yan makonni sauro ya mamaye benen. Masu gadi suna marin kansu a bakin ƙofa, Sinawa da Indiyawa da Malayawa duk sun haɗu a kan ƙaiƙayi. Kyaftin ya rubuta dogon bayani a zaure, ya ce sauro halitta ce mai jin sanyi tun daga nesa, don haka tururuwar da yake yi cikin gidaje hujja ce cewa ƙanƙara ta kusa.

Wata safiya ya farka haƙoransa na haɗuwa, gaɓoɓinsa kamar an daka a turmi. Ya dubi Saudatu da idanu jawur, fuskarsa cike da nasara.

"Ya iso," ya ce da ƙyar. "Sanar da jama'a."

Saudatu ta taɓa goshinsa, ta janye hannu da sauri, ta kira mota. A asibiti aka zura masa tsinke a hanci, aka ce ba korona ba ce. Aka ɗibi jini, aka ce denggi ce, zazzaɓin da sauro ke kawowa. Kafin mako ya fita an kwantar da wasu maƙwabta biyu, sai ga jami'an lafiya da injin feshi suna neman inda sauron ke haihuwa. Suka duba magudanai, suka duba tukwanen fure, sannan suka tsaya a gaban shuɗin tampol mai takunkumi.

Duk benen ya fito baranda. Aka yanke igiya, aka yaye tampol, sai wani baƙin hadarin sauro ya tashi yana kuka. Jirgin cike yake da koren ruwa har baki, tsutsotsi na iyo a kan yadin sallah cikin walwala, ga wani kwaɗo ya miƙe a kujerar matuƙi. Babban jami'in ya tambayi mai wannan kaya. Mai gadi ya nuna sama ya ce da Malayanci, "Kapten, lah." Aka sauko da Saudatu. Ta dubi yadinta, ta dubi jami'in, ta ce ita dai ɗalibi ta aura, ba ta san wani kyaftin ba. Ƙarti biyu suka kife jirgin da ƙafa, aka bi shi da hayaƙi.

Zaɓe ya zo Kyaftin na gadon asibiti, ana ƙara masa ruwa, hular na kansa. Abincin da yake ci ma Malam Maitama ne ya tapau, wato ya ƙunshe a leda, ya aiko. Duk da haka ya shiga Zoom ya yi jawabi, ya ce duk wani babban bincike sai an yi masa sadaukarwa, kuma tarihi zai wanke shi. Aka kaɗa ƙuri'a. Malam Maitama ya lashe, har da ƙuri'ar Saudatu, wadda ta kunna kyamara ta ɗaga hannu sama don kada a yi kuskuren lissafi.

Sabon shugaba mutum ne mai adalci. Ya ce ba za a bar gwarzo irin wannan ba muƙami ba, aka kuwa amince baki ɗaya a rubuta sunansa a tarihin ƙungiya. Domin duk faɗin Malesiya ba a taɓa samun matuƙin da ya ɗauki fasinja dubbai ba tare da jirginsa ya motsa ba, kuma kowane fasinja, da ya sauka, sai da ya hau bene ya gaishe shi.