Ruwan Inabin da Na Bari Ya Nuna

Allah ya sani da kyakkyawar niyya na yi. Matan ƙungiyarmu ta ɗalibai ne za su zo ɗakina a unguwar Titiwangsa, a nan ƙasar waje inda muke karatu, har da Anti Hadiza, mai yi mana karatun Alƙur'ani, kuma yayar wanda yake neman aurena. So nake ta ga cewa na iya wani abu ban da sayo abinci a kedai, wato shago a yaren mutanen nan.

Na sayi baƙin inabi, na matse da hannuna, na zuba sukari, na ɗura a kwalabe. Na taɓa karanta cewa Turawa ajiye ruwan inabi suke yi shekara da shekaru har ɗanɗanonsa ya nuna. Ban tsaya tambayar abin da yake zama idan ya nuna ba. Kwana tara kwalaben suka yi a baranda cikin zafin garin nan, kullum da safe ina leƙa su kamar jarirai masu barci.

Da suka hallara har jawabi na yi. Na ce a shinshina kafin a kurɓa, domin ƙamshi shi ne sallamar abin sha. Ina murɗa murfin, sai fus! Kumfa ta wanke mayafin Anti.

Ta shinshina gefen mayafin, ta dube ni a natse. "Ƙanwata, mun shinshina. Ai giya kika haɗa mana."

Muka zubar da shi duka, muka sha shayi, suna ta share hawayen dariya.

Bara aka ɗaura auren. Har yau ko zoɓo na kai wa Anti, sai ta ɗaga kofin saitin haske ta ce, "Amarya, wannan na wace shekara ne?"