Yallaɓai Ya Zaɓa wa Auta Makarantar Bene

Duk unguwar nan babu uba irin Yallaɓai Hangen-Nesa, mataimakin darakta a ofishin tsare-tsare. Shi da kansa ya sha faɗar haka, kuma wa ya fi shi sanin kansa? A ofis aka laƙaba masa sunan, don Allah ya hore masa ganin abin da zai faru nan da shekara ashirin. Abin da ke gabansa ne kawai bai samu lokacin dubawa ba.

Da 'yarsa Auta ta isa shiga makaranta, sai ya ɗauki hutu don ya zaɓa mata. Auta yarinya ce mai kaifin ƙwaƙwalwa, ga surutu kamar rediyo, amma ƙafafunta ba sa ɗaukarta, a keken guragu take yawo. Mamanta abu ɗaya ta roƙa: wurin da yarinya za ta shiga aji, ta fita wasa, ta je banɗaki da kanta.

Suka fara da makarantar gwamnati ta bayan layinsu. Azuzuwa a ƙasa, ƙofofi masu faɗi, an yi gangaren siminti har bakin banɗaki. Kafin manya su gama gaisawa Auta ta yi ƙawaye, suna ta rigimar wa zai tura ta. Yallaɓai bai ga wannan ba. Abin da ya gani shi ne babu inuwar ajiye mota, kuma shugaban makarantar benci ya ba shi ya zauna.

"'Yar mataimakin darakta ba za ta yi karatu a ƙasa ba," in ji shi. "Ilimi abu ne mai daraja, sama ake hawa a same shi."

Sai makarantar kuɗi, bene hawa uku, matakalar tana sheƙi har mutum ya ga fuskarsa. Yallaɓai ya duba, ya gamsu da abin da ya gani. Mai makarantar ta ba shi kujera mai juyawa, ta kira shi Darakta, ta manta da mataimakin. Ajin Auta yana hawa na uku, banɗaki a ƙasa. Da uwar ta tambayi yadda za a yi, ya ce wannan damuwar masu ƙaramin tunani ce. Ya ɗauki ƙarti biyu, ya ɗinka musu yunifom mai manyan maɓallai, su hau da ita da kekenta da safe, su sauko da ita in an tashi.

Tsakanin nan fa? Lokacin tara yara su ruga ƙasa, Auta ta zauna ita kaɗai tana kallon fanka. Ta daina shan ruwa da safe don kada fitsari ya kama ta. Surutun ya mutu murus. Abin ya ci wa uwar rai har tana kuka a ɓoye. Ta yi masa magana, yana waya. Ta sake, yana gaban madubi. Rannan ta ce ita dai za ta mai da Auta makarantar bayan layi, bai ko saurare ta ba ya ce ya amince, a rubuto masa, kamar yadda yake sallamar masinja.

Auta ta koma can da sabon keken da kawunta ya saya mata. Ƙartin kuwa ba wanda ya sallame su, kuma su ba masu shisshigi ba ne. Kullum direba ya kai tsohon keken, su hau da shi cikin ladabi, su ajiye a aji, in an tashi su sauko da shi. Sun ce aikin ma ya yi sauƙi.

Ranar ba da kyaututtuka a makarantar bene Yallaɓai ne babban baƙo. Ya yi jawabi a kan haƙƙin yara masu buƙata ta musamman har iyaye suka fara gyangyaɗi.

"Wasu iyayen ba su ma san inda 'ya'yansu suke ba," ya ce, yana bugun tebur. "Ni tawa a sama na ajiye ta. A shigo da ita."

Ƙartin suka shigo da keken a kafaɗa, suka dire. Ba kowa a ciki. Yallaɓai ya leƙa ƙarƙashinsa, sannan ya waiwayi matarsa.

"Baban Auta, tana makaranta," ta ce a hankali. "Ta ce ba za ta samu zuwa ba, ita ce monitar ajinsu."

Mai makarantar ba ta ji ba. Ta tashi ta sanar da cewa kyautar ɗaliba mafi natsuwa ta 'yar Darakta ce, wadda duk zangon nan ba a ji ko tarinta ba, ba ta kuma taɓa neman izinin fita ba. Aka rataya wa keken lambar yabo.

Yallaɓai ne ya fara tafi.