Baron Da Ya Fi Mai Shi Sauri

Jama'a, yau da ƙafa ɗaya nake gaishe ku, ɗayar na kan turmi a naɗe da tsumma. Baro ne ya take ni. Shekara da shekaru ina noman albasa a kwarin Badaguishiri, jaki bai taɓa harbina ba, sai ga ci gaba ya zo ya same ni har gida.

Ga yadda aka yi. Mai Girma Sarkin Alkawari, Allah ya ƙara masa tumbi, ya ji labarin cewa masu lambu mun gaji da kwana a layin mai don ɗan babur ɗin da ke kai mana kaya kasuwa. Sai ya tausaya, ya kawo wa ƙungiyarmu baro mai batir, wanda ke tuƙa kansa in ka matsa wani ɗan ƙarfe a hannunsa. Baro ɗaya ne tak. Motocin da suka rako shi kuwa, man da suka sha ya isa ya kai albasar kwarin nan duka har Birnin Konni.

An zo da wata malama, Fadila, wadda aikinta shi ne ta koya mana yadda ake sarrafa shi. Amma ina! Mai Girma ya yi jawabi, Mataimakin Mai Girma ya yi jawabi a kan jawabin, Mai Riƙe Wa Mai Girma Jaka ya gode wa duka biyun. Aka yanke ƙyalle, aka ɗauki hoto, aka ci kaji. Da layi ya zo kan Malama Fadila, direbobi sun riga sun tada mota. Ta tagar ƙatuwar motarsu kat-kat ta leƙo tana kira: "Ku duba birki tukuna! Kuma kada ku..." Sauran maganar ta tafi Illela tare da ita.

Washegari maƙwabciyata Uwani, wadda mijinta ya tafi ci-rani ya bar mata lambu da yara, ta ce a taimaka a kai mata albasa bakin hanya kafin motar kasuwa ta wuce. In ta rasa motar nan, albasa ta ruɓe a hannunta. Ni da abokina Mika'ilu muka ce ga ranar baro.

"Ɗan uwa, buhun nan bai yi yawa ba?" na tambaye shi.

"Abin gwamnati na, ba ya gajiya," in ji shi. "Ƙara wani bisa."

Muka jibga har ba a ganin gaba. Mika'ilu ya murɗa makulli, ya matsa ƙarfen nan iya ƙarfinsa, ga gangara a gabanmu. Baro ya zabura kamar ɗan maraƙin da ya tsinke igiya, Mika'ilu na reto a baya yana salati, ya manta cewa sakin ƙarfen kawai zai yi. Ni kuma, da silifa a ƙafa, na sha gabansa wai zan tare. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

Uwani ta iso tana tsintar albasa cikin yashi. "Malam, da jaki na ara da yanzu na kai!" Da kanta ta ruga ta roƙi direban ya jira, mata suka kwashe kayan a ka. Allah ya rufa asiri, motar ba ta bar ta ba.

Da yamma Mika'ilu ya samo lambar Malama Fadila, ta ƙarasa mana maganarta ta waya: a cika batir da caji a inuwa, nesa da ruwa, a duba iskar taya da birki kafin a ɗora kaya, kada kaya ya wuce kima ko ya tare gani, a fara a hankali, musamman a gangara, a sa takalmi rufaffe, in an tsaya a zare makulli. Kuma kada wani ya tsaya gabansa. Wannan na ƙarshe, na ce mata na riga na haddace.

Labarin tsautsayin ya kai buro, ofishin su Mai Girma, kuma an ce ya taɓa zuciyar manya ƙwarai. Har sun shirya taron ƙara wa juna sani a kan tuƙin baro, a wani babban otel mai sanyi can birni. Na tambaya ko za a gayyaci masu lambu, aka ce kujeru sun cika.