Yadda Na Taya Su Kulle Ni a Kurkukun Tsohuwar Fada

Shugaban Kwamitin Raya Tsohuwar Fada ya ci amanar matan unguwarmu, sannan ya kulle mutumin kirki a kurkuku ba laifin tsaye ba na zaune. Na faɗa, kuma ba zan janye ba. Mutumin kirkin nan ni ne. Abin da kawai zai rage wa ƙarata ƙarfi a gaban alƙali shi ne da ƙafata na shiga, har na sa kafaɗa na taya su tura ƙofar, domin ta yi tsatsa.

Ga wanda bai san garinmu ba, akwai wata tsohuwar fadar dutse a kan tudu, mai kaurin katanga da hasumiya da ƙananan tagogin da aka ce ta nan ake harbo kibiya a zamanin da. Muna yara jemagu ne ke mulki a cikinta. Bara aka share ta, aka buɗe ta ga jama'a. Aka kawo masu koyar da saƙa da ƙira da ginin tukwane, aka sa masu zagayawa da baƙi suna ba su tarihi, ranar Asabar kuma a yi wasannin nuna yadda mutanen da suka rayu. Yabon gwani ya zama dole. Wannan ne karo na farko da na ga hukuma ta taɓa abu bai mutu nan take ba.

Maiɗakina tana cikin matan da suka shiga ajin saƙa. Tun da muka yi aure ban taɓa ganin ta tana ɗokin wayewar gari kamar yanzu ba. Da farko an ba su babban zauren ƙasa, mai haske da iska, busasshe ƙarau. Ba a jima ba Ranka-ya-daɗe Shugaba ya lura cewa zauren ya dace da lafiyarsa. Aka shigar masa da tebur mai faɗin gado, da dardumar ƙasa, da firiji, da wata kujera mai juyawa wadda nake zaton ita ce kaɗai ke aiki a ofishin. Mata kuwa aka kwashe su da masaƙansu zuwa wani ɗaki a gindin hasumiya, inda rufin ya tsage. Da damina ta kama, zare ya fara funfuna, katakon masaƙa ya fara kumbura. Malamar saƙa, wata dattijuwa da ba ta maimaita magana, ta ce in wata ya mutu ba a ba su busasshen wuri ba, za ta kwashe masaƙanta ta rufe ajin.

Sai ga labari cewa Babban Baƙo zai zo daga sama, wanda aka ce sa hannunsa ne ke ɗaurewa da kwancewa. Unguwa ta zaɓe ni in kai kukan matan. In za a bi gaskiya, ni na tsaya a taron na ce a zaɓe ni, ba wanda ya sami zarafin musawa. Ni mai gyaran agogo ne, ban yi nisa a makaranta ba, amma na karanta duk littafin da ya faɗo hannuna, har da waɗanda aka yage musu farko da ƙarshe. A unguwa ana kira na Sai-an-gyara, kuma ban taɓa ɗaukar sunan a matsayin zagi ba.

"Malam, ka bari mu faɗa da bakinmu mana," in ji maiɗakina. "Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

Na ce, "Ke dai ki yi saƙarki. Magana da manya tana da tsari. Akwai gabatarwa, akwai hujja, akwai nasiha."

"Akwai kuma ƙarshe?"

Na ɗauki hulata na wuce shago, domin ba kowace tambaya ake yi don neman ilimi ba.

Ana saura kwanaki kaɗan sai ga motar Shugaba ta tsaya a ƙofar shagona. Mutumin da ko sallamata ba ya amsawa da kyau, ya shigo har da rusunawa.

"Malam, wurinka na zo neman alfarma. Ka san a zamanin da an yi wani bawan Allah a fadar nan, wanda ya faɗa wa mai mulki gaskiya ido da ido, aka jefa shi kurkuku. Muna so a nuna wa Babban Baƙo wannan tarihi. Mun duba garin nan kaf, ba mu ga fuskar da ta dace da mai gaskiya ba sai taka."

Na gyara zama. Na ce, "To, ai ba a rasa ba."

"An rasa, Malam. Kuma ka ga, Babban Baƙo zai sauko har inda kake, ya tsaya a gabanka. Duk abin da ke ranka sai ka faɗa masa, ba mai katse ka."

Jama'a, duk wa'azin da na yi shekaru ina yi a kan romon baka, ranar nan na shanye shi har da suɗe kwano. Abin da na hango shi ne ni a bayan ƙarfe, da sarƙa a hannu, ina zuba hujja, manya sun sunkuyar da kai, mata suna share hawaye. Ban tsaya na tambayi kaina ba, yaushe kura ta fara yi wa akuya shimfiɗa?

Maƙwabcina mai facin taya ya ji komai, domin bangon da ke tsakaninmu na langa-langa ne. Motar na tashi ya leƙo.

"Sai-an-gyara, wai da gaske kurkuku za ka shiga?"

"Wasan tarihi ne. Ba fanninka ba ne."

"Haka ne, ni iska na sani. Kuma na ga an yi maka famfo har ka wuce gejin. A hankali da ƙusa."

Na ce masa hassada ga mai rabo taki ce. Ya ce Allah ya ba da yabanya.

Ranar Asabar da hantsi aka sa mini wata rigar tsumma mai warin rumbu, aka rataya mini sarƙa. Kurkukun yana can ƙasa, sai an bi wata matakala mai murɗewa kamar hanjin kaza. Ɗaki ne ƙarami, bango yana gumi, da dakalin dutse da ɗan tagar da ko kan mage ba zai shiga ba. Shugaba da kansa ya raka ni. Da muka tura ƙofar ta rufu, ya zaro wani ƙaton kwaɗo ya datse.

Na ce, "Har da kwaɗo?"

"Don ya yi kama da gaske, Malam. Ka san manya da lura."

Ya jefa mabuɗin a aljihu ya haye. Ni kuwa har na yaba masa a zuciya, na ce ashe mutumin nan ya san aikinsa.

Na zauna ina bitar jawabina. Na ji jiniya, na ji tafi, na ji takun mutane a samana kamar garke. Na miƙe, na gyara sarƙa, na ɗaure fuska irin ta wanda aka zalunta. Takun ya zo daidai bakin matakala, ya ɗan tsaya, sai ya wuce. Daga baya na sami labarin cewa Babban Baƙo yana fama da gwiwa, bai taɓa sauka matakala irin wannan ba, kuma kowa a kwamitin ya san haka tun kafin a zo shagona. An rasa yadda za a rufe mini baki a fili, sai aka ba ni dandamali a ƙarƙashin ƙasa.

Can sai hadari ya haɗo, ruwa ya kece. Ban san me ke faruwa a sama ba, sai dai na ji hayaniya, na ji ana ta ba da haƙuri da ƙarfi, daga nan motoci suka tashi gaba ɗaya. Wurin ya yi tsit, ban da ɗigar ruwa a wuyana.

Da ruwa ya tsagaita aka buɗe wa sauran jama'a ƙofa. Sai ga mai zagayawa da baƙi ya sauko da ayari, maza da mata, kowa riƙe da waya.

"Wannan shi ne kurkukun fada," in ji shi, da muryar hadda. "Ga kuma fursunan da aka ɗaure saboda faɗin gaskiya."

Na kama ƙarfen ƙofa na ce, "Kai ɗan'uwa, bar wannan. Ina mabuɗi? A buɗe ni."

Sai tafi ya ɓarke.

"Ba wasa nake yi ba. Yaudarata aka yi. Shugaban kwamiti ne ya kulle ni don kada in yi magana."

Wata mata ta dafa ƙirji ta ce wa mijinta, "Kai, mutumin nan ya iya. Dubi yadda jijiyar wuyansa ta tashi."

Wani dattijo ya matso ya ce, "Bawan Allah, ɗan sake faɗin wurin yaudarar nan, wayata ba ta ɗauka ba."

Na zage su da irin zagin da tarbiyyata ta yarda da shi, na kira su marasa tunani, 'yan kallon banza. Suka ƙara tafi. Wani ya turo mini ruwan leda ta tsakanin ƙarfe, na ƙi karɓa don fushi, na kuma karɓa don ƙishi. Shekara da shekaru ina wa mutane nasiha a bakin shago suna tsallaka titi don su kauce mini. Ranar da aka taru ana saurarona baki buɗe, ita ce ranar da ba wanda ya yarda da kalma ɗaya da na faɗa.

Mai zagayawar ya matso ya rage murya. "Baba, ka yi haƙuri. Mabuɗin yana aljihun Shugaba, Shugaba kuma ya tafi rakiya."

A nan zan tsaya in yi magana a kan wannan cuta. A ƙasar nan in babba zai tafi, ba a bar masa hanya ya tafi. Sai kowa ya bar aikinsa ya bi shi. Shugaba ya bi, mataimakinsa ya bi Shugaba, magatakarda ya bi mataimaki, mai riƙe da mabuɗin ɗakin da ake ajiye sauran mabuɗai shi ma ya maƙale a bayan mota. Ba wai baƙon bai san hanya ba ne. Kowa tsoro yake kada a waiwaya a ga babu fuskarsa. Da gobara za ta tashi a fadar ran nan, sai dai ta jira a dawo daga rakiya.

Bayan ayari na biyu ya gama tafa mini ya tafi, na ji wani taku da na sani. Maiɗakina ce, da malamar saƙa a bayanta. Ta tsaya ta dube ni daga sama har ƙasa, tsumma da sarƙa da ledar ruwa. Da ta yi dariya da ya fi mini sauƙi. Ba ta yi ba.

"Sannu da jawabi, Malam."

"Ina Babban Baƙon?"

"Ya tafi. Ruwa ne ya tare shi a tsakar fada, ɗakinmu ne mafi kusa, sai ya faɗo ciki. Shugaba yana ta jan hannunsa wai a tafi ofis, ni kuwa na ga bai kamata babban mutum ya tsaya ba. Na jawo kujera na ce, ranka ya daɗe, ga wuri."

"Wace kujera?"

"Tawa. Wadda nake zama kullum."

Malamar saƙa ta ce, "Ta ɗauke bokitin da muke tara wa yoyo a wurin tukuna, don ladabi."

"Sai me kuka ce masa?"

"Ba mu ce komai ba. Ruwan ne ya fara da hularsa, ya gangara ta wuyan riga. Ya ɗaga kai ya ga tsagar, ya dubi zaren da ya yi baƙi, ya tambaya ko nan aka ba mu tun farko. Muka nuna masa ƙofar zauren da hannu. Gani ya kori ji."

Na tambaye ta ko ta ambaci sunana, ko da a ce akwai wakili a ƙasa. Ta ce ta yi niyya, sai ta ga mutumin ya riga ya jiƙe, bai kamata a haɗa masa biyu ba.

Da la'asar ta yi ba a dawo daga rakiya ba, sai aka kira malamin ƙira. Ya zo da guduma da kurfi da ɗalibansa duka, ya ce tun da dama ta samu, darasin yau shi ne yadda ake fasa kwaɗo ba a ɓata ƙofa ba. Ya yi bayani a tsanake, ya bar kowane ɗalibi ya gwada hannunsa. Na ce masa ya yi sauri. Ya ce, "Haba Malam, ba kai ne kullum kake cewa gaggawa aikin shaiɗan ba?" Mutum ba ya sanin nauyin nasiharsa sai ran da aka ɗora masa ita a ka.

Da na biyo ta shago mai faci yana zaune a kan tsohuwar taya. Da ya gan ni, sai ya yi wani dogon tsaki mai kama da fitar iska.

Yanzu dai mata sun koma babban zaure, malamar saƙa ta fasa tafiya, maiɗakina tana fita da safe tana 'yar waƙarta. Ni kuma an aiko mini cewa a duk wasannin fadar ba wanda jama'a suka so kamar nawa, ana roƙon in riƙa yi kowace Asabar. Na ce zan yi shawara. Ban ƙi kai tsaye ba, kuma wannan ya isa ya nuna muku cewa ciwon bai gama warkewa ba.

Shi kuwa Ranka-ya-daɗe, sanarwar da aka karanta a kansa ba ta ambaci zaren mata ba, ba ta ambaci mutumin da ya wuni a kulle ba. Laifin da aka kama shi da shi ɗaya ne, ya bari hular Babban Baƙo ta jiƙe. An sauke shi daga shugabanci, an karɓe motar ofis, an mayar da shi yagar tikiti a bakin ƙofa.