Rasuwar Eufemia, Na'urar Tururin Gidan Sukari

Da zuciya cike fal da baƙin ciki, Don Rigoberto Almánzar, mai masana'antar sukarin bakin kogi, yana sanar da rasuwar abar ƙaunarsa Eufemia, na'urar tururin da ya gada. Ya rantse ko ranar da aka binne mahaifinsa bai zubar da hawaye haka ba.

Marigayiya ba ta san ɓarna ba. A matse rake, a ƙona tuƙar a tafasa ruwa a babbar tukunya, tururi ya shige ta da ƙarfinsa ya juya fukafukanta, ta ba da lantarki. Numfashin da ta fitar ma ba ya tashi a banza, sauran zafinsa ke dafa ruwan raken har ya zama sukari. "Ku yi koyi da ita, malalatan banza," Don Rigoberto kan ce wa ma'aikata. "Ko nishinta aiki yake yi."

Wa zai manta muryarta? Wiiiii, ba dare ba rana duk kakar rake. Muryar ce ta cinye kunnuwan Anacleto, mai kula da ita tun yana da baƙin gashi.

Jinyar gajeriya ce. Ruwan sama ya jiƙa tuƙa, maigida ya ce ba a tsayawa, tukunya ta turo mata ruwa cikin tururi. Wiiiii ya koma kwaram-kwaram. Masu yankan rake a gona sun ji. Anacleto yana gefenta yana cin dafaffiyar ayaba, bai ji ba. Kafin girgizar ta iso ƙafarsa, fukafukan sun tarwatse.

Da Don Rigoberto ya ɗora wa Anacleto laifin, matar Anacleto, Nereida, ta durƙusa. "Maigida, ai ita ta kurmantar da shi!"

"Kul! Ba a zagin mamaci," in ji Don Rigoberto.

Ta rasu ta bar tukwanen dahuwa sun huce, rake yana tsami a amalanke, unguwar ma'aikata cikin duhu, da maigidan da abinci ba ya masa daɗi.

Za a yi jana'iza ranar Asabar. Fada, limamin coci, zai yayyafa mata ruwan albarka, sannan masu sayen tsohon ƙarfe su ɗauke ta. Kowa ya zo da wankakkiyar riga, ban da Anacleto. An umarce shi ya bar gidan kamfani kafin ranar, amma da yake ba ya ji, an yaye masa kwanon rufin don ya gane.